Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi



A wannan fitowa za mu kai ku wata gunduma ta karkara a ƙasar Amurka, mu duba yadda gwamnati ta raba kuɗin tallafin noma da kuma aljihun da kuɗin suka faɗa. Wani zai ce, mu da muke fama da tsadar dusa da ƙafewar mashaya, ina ruwanmu da kuɗin Amurka? Da ruwanmu ƙwarai. Duk lokacin da aka zo mana da sabon tsari na rajista ko na rabon taimako, akan ce mana haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. To, bari mu leƙa mu ga yadda ake yin, mu ga wanda ya ci da wanda ya kwana da yunwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gundumar Wharton

Gundumar da muke nufi ita ce Wharton, a jihar Teksas, kudu maso yammacin birnin Houston, tafiyar kamar kilomita 100. Mutanenta sun ɗan haura 40,000, kuma garin da ya fi girma a cikinta shi ne El Campo. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai laka, kogi ya ratsa ta, shi ya sa ta yi suna da noman shinkafa na ban-ruwa. Ana noma auduga da masara da dawa. Ana kiwo kuma, har da shanu masu tozo irin namu, waɗanda aka kawo kakanninsu gundumar daga Indiya a 1906.

A shekarar 2006 wasu ƴan jarida uku na jaridar Washington Post suka zauna suka bi takardun biyan kuɗi na ma'aikatar noma ta Amurka. Abin da suka gano shi ne, tun daga 2000 gwamnati ta biya aƙalla dala miliyan 1,300 na tallafin noma ga mutanen da ba sa noma komai. Da suka tashi neman misalin da kowa zai gani da idonsa, sai suka nufi El Campo. A nan suka tarar an yanyanka tsofaffin gonakin shinkafa zuwa filaye na kamar eka 10, wato hekta 4, ana sayar wa mutanen gari suna gina gidaje. Masu filayen ba su taɓa dasa shinkafa ba, kuma ba su da niyyar dasawa. Amma kowace shekara caki na zuwa musu da sunan tallafin shinkafa. Dillalan filaye ma sukan sa wannan kuɗi cikin tallarsu, su ce wa mai saye fili ne mai biyan kansa.

Akwai wani mutum a cikinsu da ya gina gida a fili mai eka 18, yana samun kusan dala 1,300 a shekara. Shi da kansa ya ce abin bai dace ba, har ya nemi ya mayar da kuɗin. Sai aka shaida masa cewa ko ya mayar, wasu masu filaye za a ba. Ku lura, wannan mutum bai saci komai ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Doka ce ta ɗauki kuɗin ta kai masa har gida. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali a cikin labarin. Ɓarawo ana kama shi a kai shi gaban alƙali. Doka kuwa wa zai kama ta?

Yadda dokar ta yi aiki

Tun 1933 gwamnatin Amurka ke tallafa wa masu noman wasu amfanin gona ƙalilan, musamman masara, alkama, auduga da shinkafa. A ofishin noma na kowace gunduma akwai rajista mai nuna tarihin kowane fili, wato eka nawa aka saba shuka wa amfani kaza a cikinsa. A 1996 majalisar dokoki ta yi sabuwar dokar noma, shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu. Dokar ta ce daga yanzu za a biya kuɗi bisa wannan tarihi, ba tare da duba abin da ke cikin gonar a bana ba. Mai fili na iya shuka abin da kasuwa ke so, ko ya zuba shanu, ko ya yanka ingirici, ko ya bar filin ya huta, kuɗinsa na nan. An ce biyan na shekara bakwai ne, yana raguwa sannu a hankali har manoma su saba da tsayawa da ƙafafunsu. Da farashi ya faɗi daga 1998 sai majalisa ta ƙara kuɗin gaggawa shekara bayan shekara. A 2002 kuma ta mai da biyan ya zama na dindindin, kusan dala miliyan 5,000 kowace shekara, aka ci gaba da haka har zuwa dokar 2014.

Yanzu ku sa kanku a matsayin mai fili a Wharton. Manoman shinkafa da yawa a wannan yanki ƴan haya ne, ko kuma masu noma-mu-raba. Su ke da injuna, su ke cin bashin banki, su ke kwana a gona suna tare ruwa. In mai fili ya bar manomi a filinsa bisa rabon amfani, dole a raba kuɗin gwamnati da shi. In kuwa ya sallame shi, kuɗin duka nasa ne, ba ruwansa da tsutsa, ba ruwansa da faɗuwar farashi. Ga shi kuma tallafin shinkafa ya fi na kowane amfani tsoka a kan kowace eka. Me kuke tsammani masu filaye suka yi? Da yawa sun ƙi sabunta haya. Manomin da ya shekara ashirin a fili ya wayi gari ba shi da inda zai kafa garma.

A farkon shekarun 1980 ana noma shinkafa a kusan eka 600,000 a Teksas. Zuwa 2005 abin ya dawo kusan eka 200,000. Ba mu ce tallafi kaɗai ya jawo wannan ba, don akwai tsadar ruwa da ta mai, akwai kuma faɗuwar farashi. Amma kuɗin da aka ware da sunan riƙe manomi a gona, shi ne ya zama ladan korarsa. Kuma manomi ba ya tafiya shi kaɗai. Mai injin busar da shinkafa, da mai gyaran tarakta, da mai sayar da iri, da leburan da ke ɗaukar buhu, duk suna bin bayansa.

Ko ɗan hayar da ba a kora ba bai tsira ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar noma a Amurka haya ake ba da ita. Mai fili ya san adadin da gwamnati ke biya a kan filinsa, sai ya ɗora a kan kuɗin haya. Cakin ya zo da sunan manomi, ya kwana ɗaya a hannunsa, ya wuce. Farashin fili ma ya hau, saurayin da ke son fara noma ya kasa saye.

Tsohuwar cuta ce

Kada wani ya ce kuskure ne aka yi a 1996. Abin ya samo asali tun ranar farko. A 1933, zamanin shugaba Roosevelt, farashin auduga ya karye, gwamnati ta biya masu gonaki a kudancin ƙasar su nome audugar da ta riga ta tsiro a kusan eka miliyan 10. An miƙa kuɗin ga masu filaye, aka ce su ba masu noma-mu-raba kasonsu. Da yawa suka riƙe kuɗin, suka kori mutanen, suka sayi tarakta. Wannan ne ya sa a 1934 manoman haya baƙaƙe da farare suka haɗu a wani ƙauye mai suna Tyronza a jihar Arkansas suka kafa ƙungiyarsu. A watan Janairu na 1939, cikin tsananin sanyi, mutum fiye da 1,000 da aka kora suka zube da kayansu da ƴaƴansu a bakin manyan hanyoyin jihar Missouri don duniya ta gan su.

A gundumar Sunflower ta jihar Misisipi, ɗan majalisar dattawa James Eastland yana da katafariyar gonar auduga. A ƙarshen shekarun 1960 gonarsa na karɓar fiye da dala 100,000 a shekara, galibi don a rage shuka. A wannan gunduma ɗaya aka kori Fannie Lou Hamer a 1962 daga gonar da ta yi wa aiki shekara 18, saboda ta je yin rajistar zaɓe. Surutu ya yi yawa a kan irin kuɗin da manya ke kwasa, sai a 1970 aka sa iyaka ta dala 55,000 a kan kowane amfani ga mutum guda. Manyan gonaki suka kira lauyoyi, aka rarraba gona ɗaya a takarda tsakanin ɗa da ƙane da abokin ciniki, kowa da nasa kason.

Su waye ke zaune a kwamiti?

A kowace gundumar noma akwai kwamitin manoma da ke sa ido a kan rajista da rabon tallafi. A takarda abin gwanin kyau, don manoma ne ke zaɓen ƴan kwamitin. A aikace kuwa, shekaru da yawa manyan masu filaye farare ne suka cika kujerun a kudancin ƙasar. Baƙin manomi ya nemi bashin iri, a ajiye takardarsa har lokacin shuka ya wuce. A 1920 akwai manoma baƙaƙen fata fiye da 900,000 a Amurka. A ƙidayar 1997 ba su kai 20,000 ba.

A 1997 wani manomi mai suna Timothy Pigford, tare da wasu ɗaruruwa, suka kai ma'aikatar noma ƙara. A 1999 gwamnati ta yarda da sulhu, ta biya kusan dala miliyan 1,000, sannan a 2010 aka ƙara dala miliyan 1,250 ga waɗanda ba su samu shiga da wuri ba. Manoma da makiyaya ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can, su ma sun kai irin wannan ƙara a 1999, aka yi sulhu da su a 2010 a kan dala miliyan 760. An biya kuɗi, gaskiya ne. Filayen da suka salwanta kuwa ba su dawo ba.

Taimakon fari inda babu fari

Ga kuma wanda ya shafi sana'armu kai tsaye. A 2002 fari ya kama wasu jihohin Amurka, gwamnati ta fito da shirin biyan masu dabbobi a gundumomin da abin ya shafa: dala 18 a kan saniyar nama, dala 31.50 a kan saniyar tatsa, dala 4.50 a kan tunkiya ko akuya, iyaka dala 40,000 ga mutum guda. Ba a tambayi kowa ko ya yi asara ba. Ana duba sunan gunduma ne da yawan kawuna. A 2003 majalisa ta faɗaɗa shirin, ta ce duk gundumar da aka ayyana wani bala'i a cikinta, kowane iri ne, ta shiga.

A ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon sama jannati mai suna Columbia ya tarwatse a sararin Teksas, tarkacensa suka zubo a gundumomi da dama. An ayyana dokar ta-ɓaci don a tattara tarkacen. Da wannan ayyanawa masu shanu a waɗannan gundumomi suka cancanci kuɗin fari, alhali ciyawarsu kore shar. Jaridar da muka ambata ta lissafa cewa cikin dala miliyan 1,200 da shirin ya ci a shekara biyu, kusan rabi ya tafi wuraren da farin bai yi tsanani ba, ko ma babu shi sam. Wanda shanunsa suka mutu da wanda ko maraƙi bai rasa ba, farashinsu ɗaya. Mai kawuna dubu kuma ya fi mai kawuna ashirin samu, ko da mai ashirin ɗin ne ya tashi ba ko ɗaya.

Har matattu sun samu rabo. A 2007 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya bayyana cewa tsakanin 1999 da 2005 an biya dala miliyan 1,100 da sunayen mutum fiye da 170,000 da suka riga mu gidan gaskiya. Wani ɓangare halal ne ga magada, amma ofishin ya ce sau da yawa ba a bincika ba ko gonar na nan ana noma ta. In aka haɗa lissafin tallafin amfanin gona tun daga 1995, kashi 10 cikin 100 na masu karɓa, wato manya, sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin.

An gyara?

An taɓa gyara, ba za mu ɓoye ba. Bayan tonon asirin El Campo, dokar 2008 ta tsaurara a kan filayen da aka yanka don gina gidaje da kuma ƙananan filaye. Dokar 2014 ta soke biyan nan na kowace shekara, ta kawo wasu shirye-shirye biyu masu biya in farashi ya faɗi ko in abin da gunduma ta samu ya ragu. Sai dai su ma bisa tsohon tarihin fili ake lissafa su, ba bisa abin da ke tsaye a gona ba. Iyakar da aka sa ita ce dala 125,000 ga mutum guda, amma dokar 2018 ta buɗe ƙofa ga ƴaƴan ƴan'uwa da ƴaƴan baffanni da na kawunnai su shiga lissafin iyalin gona, kowa da nasa kason, in dai an rubuta cewa yana taimakawa wajen gudanarwa. A 2025 aka ɗaga iyakar zuwa dala 155,000.

Kuɗi masu yawa kuma sun koma ta hanyar inshorar amfanin gona, inda gwamnati ke biya wa manomi kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar. A nan babu iyaka, kuma doka ta hana a bayyana sunayen masu amfana. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba mu ƙi tallafi ba

Akwai masu jin irin wannan labari su ce, ai ga shi nan, tallafi ɓarna ne, gwamnati ta cire hannunta. Ba mu tare da su. Wanda abincinsa ke rataye da ruwan sama ya san shekara guda na iya cinye wahalar shekara goma. A 2011 Teksas ta ga fari mai tsanani, shanun jihar suka ragu da fiye da rabin miliyan. Daga 2012 zuwa 2015 hukumar kogi ta hana yawancin manoman shinkafa na Wharton da maƙwabtanta ruwan ban-ruwa, don tafkunan da ke shayar da birane sun ja baya. A irin wannan shekara manomi da makiyayi na da haƙƙi a kan baitulmali, don su suka ciyar da ƙasa a shekarun ƙoshi. Abin da muke ƙi shi ne a karɓi kuɗi da sunan mai gumi a miƙa wa mai takarda. Duk tallafin da aka ɗaure wa takardar mallaka, mai takardar zai bi, ko yana gona ko yana birni, ko yana raye ko yana kabari.

Muna kuma da wani ƙorafi. A shekarun 1980 da 1990 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka matsa wa gwamnatocinmu su janye tallafin taki da na maganin dabbobi, suka ce kasuwa ta yi halinta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. A daidai waɗannan shekaru Turai na sa wa naman shanunta tallafi tana jibge shi a daskare a kasuwannin bakin teku, inda shanun Sahel suka saba samun ciniki. Amurka kuma na zuba wa manoman audugarta kimanin 25,000 dala miliyan dubbai a shekara, har Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kuka taron kasuwanci na duniya a Cancun a 2003. Brazil ta kai ƙara a kan wannan auduga ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Manomin audugar Cadi bai ga ko tamma ba. Da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Gemun ɗan'uwa ya kama wuta

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya girma a ruga ya san abin da ya biyo bayan farin 1973 da na 1984. Makiyaya sun sayar da dabbobi a farashin banza don su sayi hatsi, ƴan kasuwa da ma'aikata suka saye. Da ruwa ya dawo, mutumin da ya gaji garke daga kakansa ya koma kiwon shanun wani, ana biyansa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A yau garkuna da yawa da kuke gani a daji, masu su na zaune a birni. Wannan makiyayi da manomin haya na Wharton uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

To, ranar da aka ce za a sayar da dusa da ƙwayar auduga a farashi mai rahusa, ko za a raba awaki don sake kafa garke, sunan wa ake rubutawa? Wanda ke kusa da ofis, mai katin shaida a aljihu, wanda ya ji sanarwa a rediyo da safe ya iso kafin azahar. Makiyayin kuwa yana tafiyar kwana goma daga nan, yana bin ciyawa. In ya dawo a ce masa an rufe rajista. Wani lokaci ma buhun da aka rubuta don dabbobinsa shi zai tarar a kasuwa ya saya da tsada. A zamanin jangali babu ƙurmin dajin da ba a bi makiyayi an ƙirga shanunsa ba. Yaya aka san hanyar ruga ranar karɓa, aka manta ta ranar bayarwa?

A Nijar dokar karkara ta 1993 ta amince makiyayi na da fifikon amfani a mazauninsa na asali, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne da hukuma za ta kare. Waɗannan dokoki sun san cewa mutum na iya zama mai haƙƙi ba tare da ya mallaki fili ya kafa masa shinge ba. Muna so wannan fahimta ta sauko daga littafin doka ta shiga takardar rabo.

Abin da ya kamata mu ara

Duk da abin da muka faɗa, akwai abu guda da muke yaba wa Amurkawa. Ta yaya muka san labarin El Campo? Ta yaya muka san na kumbo? Saboda suna da dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun gwamnati. A 1996 wata kotu a Washinton ta yanke cewa sunayen masu karɓar tallafin auduga ba sirri ba ne. A 2001 wata ƙungiya mai suna EWG ta tattara sunayen masu karɓar tallafin noma ta sa a intanet, jiha jiha, gunduma gunduma, kowa da adadin da ya karɓa. Manomin haya ya iya dubawa ya ga abin da mai filinsa ya samu. Maƙwabci ya ga na maƙwabci. Ba wa'azi ne ya kawo gyaran 2008 da na 2014 ba, kunya ce. Shi ya sa muka ce ku riƙe maganar inshora: inda doka ta rufe sunaye, can kuɗin suka fi kwarara. Mai rabon gaskiya ba ya tsoron a karanta takardarsa a kasuwa.

Don haka muke kira ga mahukunta, da masu ba da agaji, da shugabannin ƙungiyoyinmu, da mu kanmu:

1. Duk taimakon da aka ce na makiyaya ne ko na manoma, a ba wanda ke bayan dabba ko wanda ke riƙe da hauya. In dabbobin na wani ne, a rubuta sunan mai kiwon tare da nasa, a fayyace kason kowa.

2. A sa iyaka ga abin da gida ɗaya zai samu, kuma a fara da mai ƙaramin garke. Kada a bari mutum guda ya rarraba garkensa a takarda tsakanin ƴaƴa da barori.

3. A yi rajista inda makiyaya suke, a mashaya da kasuwannin dabbobi da wuraren allurar rigakafi, a lokacin da suke nan. Wanda ya yi rajista a wata gunduma ya iya karɓa a inda rani ya same shi.

4. A sa arɗo da garso da matan ruga cikin kwamitin rabo, da ƙuri'a a hannunsu, ba don su cika benci ba.

5. A liƙa sunayen waɗanda suka karɓa da adadin buhunan kowa a ƙofar ofis, a karanta su a rediyon gari da harsunan da mutane ke ji, ranar kasuwa.

Wannan na biyar ya hau kanmu kafin kowa. In ƙungiya ta karɓi buhu ɗari da sunan mambobinta, ta karanta sunaye ɗari a gaban taro. Ba za mu nemi hukuma ta buɗe littafinta mu kuma mu rufe namu ba.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wakilanmu na kowane yanki kuma su rubuto mana yadda rabon bana ya gudana a wurinsu: buhu nawa aka ce an kawo, nawa aka gani, su wa suka samu. Za mu buga abin da aka tabbatar a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dabbobinmu, ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa. Amin.